Tauraro a Kejin Damisa

Mijin yayata mai walda ne, kuma in ka biye wa bakinsa, rabin ƙofofin garin nan aikinsa ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, rodi jingine ko'ina, baƙin tabarau rataye a ƙusa, rigarsa duk tartsatsi ya huhhuda ta. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, cika baki. Duk abin da ya ƙera sai ya manna masa ɗan tauraron ƙarfe a kusurwa, wai sa hannunsa ke nan. Akwai shi a ƙyauren gidansu, akwai shi a gadon 'yarsa, wadda muke kira Aku saboda surutu.

Da gidan namun daji ya ba shi aikin kejin damisa, mun sha labari har mun haddace. Ya gaya mana yadda ya tsuke tsakanin rodi, da yadda wata bishiya ta tsaya masa a tsakiyar fili ta hana shi ɗora rufi, ya sa aka sare ta. Aku kaɗai ya ɓoye wa. So yake ya kai ta wurin ya nuna mata da hannunsa, don duk duniya babu yabon da ke faranta masa rai kamar na yarinyar nan. Ya ce mata dai akwai abin mamaki yana jiran ta.

Ranar da muka je, mu huɗu har da Yaya, har sabuwar riga ya sa. Aku kuwa ba ta wuce allo ko ɗaya ba sai ta karanta mana shi da ƙarfi. Wai raƙumin dawa yakan yi barci a tsaye. Wai jikin dorina na fitar da wani ruwa ja-ja da ke kare ta daga rana. Da ta karanta cewa idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma, na ce ashe tana da ɗan'uwa a cikinmu. Ko hararar da ya saba yi mini bai yi ba, hankalinsa na gaba, sai jan mu yake.

Kejin ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Damisar tana ciki tana kai da komo a jikin ƙarfe, ba ta tsayawa, ba ta kallon kowa, har gashin kafaɗarta ya goge. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu zai fara bayani, sai Aku ta riga shi da karatu. Allon ya ce damisa takan yi tafiya mai nisa ita kaɗai, a kan reshe take hutawa, har abincinta can take hawa da shi. Yarinyar ta leƙa ciki. Babu komai sai kututture.

"Baba, ina bishiyarta?"

Ta ce duk wanda ya yi wannan ɗaki ba shi da tausayi, kuma da za ta gan shi sai ta gaya masa. Hannun da ya ɗaga ya sauko a hankali ya shige aljihu. Na sha zolayar mutumin nan, amma ranar tausayinsa na ji, ni ma kuma kunya ta kama ni, don da ya ba mu labarin bishiyar dariya muka yi.

Yaya ta ce mu wuce wajen birai. Aku ta tambayi ina abin mamakin, ya ce yana can gaba, ya matsa ya tare kusurwar ƙofar kejin da jikinsa. Ya makara. Idonta na kan tauraron, irin wanda take kwana a ƙarƙashinsa.

Aku ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta gaya masa maganar da ta yi alkawari ba. Ta kama hannunsa ne kawai, ta yi ƙasa da murya don kada mai gadi ya ji.

"Baba, tunda kai ka yi ƙofar, ai ka san yadda ake buɗe ta."

Damisar ta kai bango ta juyo, ita kuma Aku tana riƙe da hannunsa tana jira.