Rigar Dalmar Malam Kar-ka-motsa

A asibitin babu mai kiransa da sunan yanka. Daga masu shara har manyan likitoci, Malam Kar-ka-motsa suke ce masa. Tun yana saurayi aikinsa ke nan a ɗakin hoton ƙashi: ya kwantar da mutum a kan tebur mai sanyi, ya gyara masa kafaɗa, ya ce, "Ja numfashi. Kar ka motsa." Matarsa ta rantse ko a gida, in yana gyara wa yaro wuyan riga, sai maganar ta suɓuce masa.

Ɗakin yana can ƙarshen baranda, ba taga, ƙofar sai an sa kafaɗa take buɗuwa. Ƙa'ida ita ce mai ɗauka ya laɓe bayan bango kafin ya danna, domin hasken na'urar ba a ganinsa, ba a jinsa, amma yana ratsa jiki. To, yaron da ya karye a hannu ina ruwansa da ƙa'ida? Uwar kuma sau da yawa da wani cikin take zuwa, ba dama ta tsaya. Sai Malam ya zura rigar dalma, wadda ke tare hasken daga ƙirji zuwa gwiwa, ya riƙe yaron da kansa, abokin aikinsa ya danna. Haka ya yi ta yi har furfura ta cim masa.

Ƙugiyar rataye rigar ta karye tun zamanin wanda ya koya masa aiki. Kuma in an bar ta a fili, mutanen ɗakin tiyata su ara, aron da ba ya dawowa. Saboda haka al'adar ɗakin ita ce a ninke ta a tura ƙarƙashin durowa. Malam kuwa mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Ninkinsa kamar na mai guga, har gwiwa yake sawa ya danne ta don ta kwanta sosai. Alfahari yake da wannan, bawan Allah.

Bana aka turo wata injiniya ta duba na'urori. Da ta ga inda ya zaro rigar, sai ta karɓe ta. Ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta ɗauki hotonta kamar marar lafiya, ta kira shi gaban allo.

"Baba, ba a ninke wannan. Dalmar ciki karyewa take yi. Dubi nan."

Ya duba. Tsaga ce doguwa, ta bi layin ninkinsa tsaf, daidai inda rigar ke rufe mara.

"Tun yaushe, 'yata?"

"Wallahi ban sani ba, Baba. Amma ba ta jiya ba ce."

Kansa bai dame shi ba, ya riga ya gaji da kansa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne abin da aka karantar da su tun a makaranta, cewa hasken yana iya taɓa irin da mutum ke haihuwa da shi, lahanin ya ɓuya, ya fito a ɗa ko a jika. Ga babbar 'yarsa da cikin fari, haihuwa yau ko gobe. Ga kuma ɗansu na biyu, wanda ya koma bai cika wata ba, aka ce zuciyarsa ce. Ya daɗe da rufe wannan da haƙuri, yanzu ya buɗe masa sabo.

Ya sami wani likita da suka tsufa tare. Likitan ya ce haɗarin kaɗan ne ƙwarai, yara da yawa ana haifarsu da ciwon zuciya iyayensu ba su taɓa shiga ɗakin hoto ba.

"Wato ba ni ba ne?"

"Ba zan iya ce maka e ba, ba zan iya ce maka a'a ba."

Ya fito da abin da ya shiga da shi. A gida matarsa ta ga abinci yana dawowa, ta tsare shi sai da ya faɗa. Sai ta ce masa:

"Malam, kar ka gaya wa yarinyar nan. Ka bar ta ta sauka lafiya."

Bai gaya wa 'yar ba. Ranar da ta haihu, da hantsi, ya hau bene zuwa ɗakin haihuwa yana hutawa a kan matakala. Namiji ne, jajur, sai tsala kuka yake. Aka miƙa masa. Ya buɗe zanen, ya bi yatsu, ya bi kunne, ya kara tafinsa a ƙirjin yaron, ya kasa ɗaukewa. Idonsa ya saba ganin cikin mutane, yau ga nasa a hannu, iyakarsa fata.

'Yar ta yi dariya daga kan gado, muryarta a dushe.

"Baba, ka ga goshin? Ka ga hancin? Kai ya ɗebo kaf, bai bar komai naka ba."

Mata suka ɗauki shewa. Malam ya rufe jaririn a hankali.

"Allah ya sa ya bar wani abu, uwata," ya ce.