Leda Ɗaya da Ta Rage a Firiza

Maigidana aikinsa kula da kifayen ado ne. Shagon da yake wa aiki kan tura shi gidajen masu hali a arewacin Jidda, ya canja ruwan gishiri a manyan akwatunan gilashi, ya kankare gansakuka, ya dawo mana unguwarmu Karantina yana ƙarni. Wata rana ya shigo da ƙaramin akwatin gilashi da kifi ɗaya, rawaya kamar an tsoma shi a kurkum, ido ɗaya ya yi fari fat. Masu shi ne suka ce a zubar. Na ce, "Allah bai ba mu haihuwa ba, shi ne ka samo mana ɗa mai ido ɗaya?" Ya yi dariya, ya ci gaba da haɗa wayoyinsa.

Kifin nan ɗan gata ne, ba ya kallon abincin gwangwani. Sai maigida ya je kasuwar kifi ya sayo jambari, wato jatan lande, da habbar, dabbar teku mai hannuwa da yawa, da tsokar farin kifi. Ya wanke, ya tsane, ya sa tafarnuwa kaɗan da busasshen ganyen teku, ya markaɗa sama-sama don kifin ya sami abin cizo. Ya zuba a leda, ya baje da tafin hannu har ya yi faɗin kilishi, sannan ya bi shi da babban yatsa yana dannawa layi-layi, yadda in ya daskare a firiza zai yi sauƙin ɓallewa. Ni kuwa da na ji ya kunna bilenda sai in toshe hanci in yi maƙwabta, ina mita: bilendar da nake markaɗa tattasai! Shi ya sa na san kayan haɗin, amma ban taɓa sanin awonsa ba.

Ya fita aiki da ƙafarsa wata safiya, da azahar aka kira ni daga asibiti.

A zaman makoki matar mamaci ba ta shiga kicin. Goggonsa ce ta zo daga unguwar Mahjar ta karɓi girki, tsohuwa mai zafin nama wadda ba ta tambayar kowa inda aka ajiye komai. Ranar sadakar uku aka yi tuwo da miyar kuɓewa. Ina zaune a ƙuryar ɗaki ina jin mata suna yaba miyar, wasu har da neman ƙari. Aka matsa mini in ci ko loma ɗaya. Ina kai hannu baki, ƙamshin ya buge ni. Na tashi na ratsa mutane na buɗe firiza. Ledojin da maigida ya jera duk babu.

"Goggo, ina ledojin da ke nan?"

"Markaɗen kifin da kika tanada? Na zuba a miya, 'yar nan. Wallahi ya yi daɗi. Halas, shi ke nan, ladan ya kai masa."

"Goggo, abincin kifi ne."

Ta dafe ƙirji tana salati. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini a gaban masu gaisuwa, na yi ta yi har ta juye ta zama kukan da na kasa yi tun ranar rasuwar. Daga baya na tarar da leda ɗaya ta tsira, ta maƙale a ƙarƙashin ƙanƙara.

Da mutane suka watse, gidan ya rage daga ni sai kifin da gurnanin injin ruwansa. Ina takaba, ba fita, sai yayana ya riƙa sayo mini kayan haɗin. Na markaɗa, na baje, na daskarar. Kifin ya zo ya ɗauka ya tofar. Na rage tafarnuwa, na ƙara jambari, ya ƙi. Amma in na ɓalli na maigida na narkar a cokali, kafin ya nutse ya cafke. To, a jikin ledar nan shatin yatsansa na nan raɗau, kowane rami daidai girman babban yatsansa. Nakan ɗora nawa a ciki har sanyi ya kashe mini shi. Kowace safiya sai na zaɓa: in bar dabba da yunwa a hannuna, ko in ɓalle wani ramin. Haƙƙin rai ba abin wasa ba ne, sai in ɓalle, ina jin haushin kifin kamar in shaƙe shi.

Bayan la'asar, lokacin da maigida ya saba dawowa, kifin kan taho kusurwar da ke fuskantar ƙofa ya tsaya cik, lafiyayyen idon na kallon waje. Na san sabo ne kawai. Duk da haka tsigar jikina kan tashi, in waiga ƙofar, wani lokaci har in ji kamar ƙarnin rigarsa ya shigo. Tsoro nake ji, kuma ba na so ya daina.

Ban gama takaba ba aka zo aka fesa jan fenti a bangonmu, alamar rusau, aka ce za a yanke wuta. Malamin unguwa ya ce lalura ce, in ƙarasa takabar a wani gidan. Goggo ta ce in zo wurinta. Muka sa kifin a bokiti, na naɗe abin da ya rage na ledar, bai wuce tafin hannu ba, a tawul da ƙanƙara, na rungume. Amma ranar kowa ƙaura yake, motocin kaya sun cushe hanya, ga zafin Jidda. Kafin mu kai Mahjar markaɗen ya saki. Na buɗe tawul na ga abu lumtsum, ba rami ko ɗaya. Na zauna a ƙasa tsakanin kaya, na kasa tashi.

Goggo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Yalla, tashi. Da sauran sanyi a jikinsa, bai lalace ba. A garinmu madara ba ta zama nono sai an zuba mata na jiya. Kawo naki markaɗen."

Ta haɗa nasa da nawa a kwano, ta cuɗa da hannu, muka baje muka daskarar. Washegari kifin ya zo ya shinshina, ya ja baya, ya dawo ya ci.

Tun daga ranar, duk lokacin da zan yi sabo sai na ɓalli tsohon na jefa a ciki. Yanzu na iya awon, wataƙila ko ban sa ba zai ci, amma ban taɓa gwadawa ba. Hankali ya gaya mini cewa bayan shekarun nan babu ko ƙwayar abin da hannunsa ya taɓa a ciki. Sai dai Karantina ta zama fili, na bi ta wurin a mota ban gane inda ƙofarmu take ba. Kabarinsa kuwa maza ne suka kai shi, ban taɓa gani ba. Kifin ya tsufa, launinsa ya koɗe, yana yawan kwanciya a bayan dutse. Duk ranar da ya mutu ban san wa zan ba markaɗen ba, kuma na san ba zan iya daina haɗawa ba.