Koren Ƙanina a Bangon Ɗakin Dada

Shekarun baya, ina shagona a unguwar Turaki ina auna wa wata mata sukari, maƙwabcinmu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba. Ya ce in rufe shago, mota ta faɗi da ƙanina a hanyar Yola. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa.

Ƙanin nawa mai zane ne. Shi ke rubuta allunan shaguna, ya yi zane a bayan manyan motoci. Bayan sadakar bakwai muka buɗe ɗakinsa, muka tarar da wani katako jingine a bayan ƙofa. Fadamar Nukkai ya zana a kai, a farkon damina. Babu mutum, babu saniya, ciyawa ce kawai da ruwa da duwatsu daga nesa.

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta sa aka kai mata shi ɗaki. A lokacin ganinta ya fara raguwa, likita kuma ya gaya mana ba zai dawo ba. Takan kai fuskarta dab da katakon ta daɗe tana kallo. Wata rana ta ce da ni, "Irin ciyawar da muke kai shanu ce muna yara. Ka sa a yi mini bangon nan da wannan koren, in riƙa ganinsa daga kan gado."

Ban taɓa jin ta roƙi wani abu don kanta ba sai ranar.

Ni kuwa a wurina kore kore ne. Na ɗauki hoton katakon a waya, na je kasuwa na nuna, aka miƙo mini galan ɗin fenti. Na shafa kaɗan a bango don gwaji. Dada ta matso ta duba, ta ce, "Tutar Nijeriya za ka kafa mini a ɗaki?" Matata ta fita tsakar gida don kada in ga dariyarta.

Sai na nemo wani mai fenti, Bamumuye, wanda ya taɓa aiki tare da marigayin. Ya tsuguna gaban katakon yana girgiza kai.

"Oga, ɗan'uwanka ba ya sayen kore. Shuɗi da rawaya yake haɗawa da kansa, ya sa ja kaɗan. Ka duba, nan daban, nan daban. Wanne Mama yake so?"

Dada ta ɗora yatsa a inda ciyawa ta haɗu da ruwa. Ya haɗa, ya shafa kusa da nawa. Yana ɗanye ya yi kama sosai, da ya bushe sai ya yi haske. Ya sake haɗa wani, ya shafa. Wannan karon Dada ta daɗe a gaban bangon, sannan ta ce, "Ya kusa. A yi da shi haka nan."

Na ce a'a, Dada, tunda an fara bari a samo shi sak. Gani nake in aka shafa wanda ba shi ba, kamar na rage wa ƙanina wani abu ne. Mai fentin ya ce, "Oga, hannun kowa daban ne fa." Na ce ya dai ƙara gwadawa.

Ana haka ruwa ya sauka sosai, bangon ya tsotsi danshi. Mai fenti ya ce in aka shafa yanzu ɓarewa zai yi, sai an jira rani. Muka jira. Dada ba ta sake tayar da maganar ba.

Da kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, na shiga da murna na ce mata gobe mai fenti zai dawo. Ta juyo wajen muryata, idonta na kallon gefen kafaɗata.

"Bar kuɗinka, ɗana. Yanzu fari da kore duk ɗaya ne a wurina."

Ta ƙara shekara biyu a ɗakin kafin ita ma ta koma ga Mahaliccinta. Ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba.

Na daɗe ina tunanin abin. Ita ba sak take nema ba, abin da za ta kalla take so tun tana iya kallo. Ni ne na tsaya neman daidai. Yanzu in tsoho ya ce mini abu ya isa, ba na ƙara masa da nawa ra'ayin.

Matata ta saya wa falonmu labule da darduma masu ruwan ciyawa, baƙi suna yabawa. Ɗakin Dada kuwa yana nan da shafe uku na gwaji a bango. Har yau ba a yi masa fenti ba.