Bindigogi Uku da Ƙofar Ɗakin Tanki

Ranar Arfa ta shekarar da 'yata take da shekara biyu, har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. A lokacin ina aikin shara da wanke-wanke a gidan wani dattijo da muke kira Baba, a unguwar Zahir da ke Makka, Bahaushe ne amma haihuwar can. Tun ranar da na fara aikin nake cikin fargaba, saboda tsofaffin bindigogi uku da ya rataye a bangon majalisarsa. Ya sha gaya mini cewa na zamanin yaƙin duniya ne, an toshe su, kuma da takardar izininsu. Duk da haka in zan goge su sai na goya yarinyar tukuna.

A wajen gogewar nan na san su. Ta Ingila katakonta biyu ne aka haɗa da ƙarfe a tsakiya. Ta Rasha doguwa ce, aikinta kaushi-kaushi kamar an yi shi cikin gaggawa. Ta Jamus kuwa ko ni da ban san komai ba na san daban take. Ƙarfen nan da ake ja baya a tura gaba, wanda Baba ke ce wa tirbas, in ya ja nata sai ka ji ya zauna daram, ba ya ko girgiza. Duk Alhamis shi da wani amininsa sai sun yi musu a kan wadda ta fi, har shayinsu ya huce. Aminin na bayan ta Ingila saboda sauri, Baba kuma ya ce masa ai shi ma da sauri yake magana, bai taɓa faɗin abin kirki ba.

Ranar Arfa unguwa ta yi tsit. Mijina yana can wajen rabon abinci, maza duk sun tafi aikin Hajji. Wajen azahar na hau saman bene shanya, yarinyar na bina. Ina juya baya ta shiga ɗan ɗakin da tankin ruwa yake, iska ta bugo ƙofar ƙarfen, makulli ya cije. Na murɗa, na ja, na doka da kafaɗa, ko motsi. Rufin ɗakin kwano ne, kuma duk wanda ya san ranar Makka ya san abin da nake nufi.

Hajiya, matar Baba, ta kira 'yan kwana-kwana, suka ce suna tafe amma hanyoyi a cushe suke. A gidan babu guduma, babu ko sandar ƙarfe. Kukan yarinyar ya fara raguwa. Na kwanta a kan simintin nan mai zafi ina leƙa ƙasan ƙofa, ƙafafunta kawai nake gani.

Sai ga Baba ya hawo yana haki, tsoho mai wajen shekara tamanin, rungume da bindiga biyu. Ta Ingila bai ma ɗauko ta ba, daga baya ya ce da an danna za ta rabu a mahaɗinta. Ya dubi ta Jamus, ya jingine ta a bango, ya cusa bakin ta Rasha a ƙasan ƙofar, muka tokare da bulo. Mu uku, har da Hajiya, muka danna. Kusurwar ƙofar ta ɗan ɗago, sai katakon ya tsage, muka zube ƙasa.

Baba ya ce, "Samihini ya binti, ki yafe mini 'yata. Na san wadda za ta iya, ƙyashinta na ji."

Ya ɗauko ta Jamus ya yi bismilla. Muka hau kanta da dukkan nauyinmu, Hajiya na salati. Ina jin katakon na ƙara a ƙarƙashin cikina, ina jiran ya karye, bai karye ba. Ƙarfen ƙofar nan mai kauri ya riƙa naɗewa sama a hankali kamar murfin gwangwani. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi: abin da aka ƙera tun kafin a haifi kakata, ya lanƙwasa ƙofar zamani a gaban idona.

Na zura hannu na jawo ta ta ƙafa. Jikinta zafi rau, leɓenta ya bushe. Hajiya ta sheƙa mata ruwa, sai ta buɗe ido ta ce, "Umma, ruwa." Likitan da ya duba ta daga baya ya ce Allah ya yi da sauran kwananta.

Bakin bindigar ya ɗan karkace, ba ta ƙara miƙewa ba. Da na ba Baba haƙuri sai ya ce in bari, abin da ke damunsa shi ne mintocin da ya ɓata a kan ta farkon. Har ya rasu bai daina neman gafarata a kan wannan ba, ni kuwa ban taɓa riƙe shi da komai ba.

Abin da na koya shi ne, in rai na cikin haɗari, abin da ya fi daraja a hannunka shi za ka fara miƙawa. Yarinyar yanzu tana aji uku. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ya yi wa Baba addu'ar samun rahama.