Kunnen Mushe Alhasan

Ɗazu likita a nan Oran ya ce kunnena na hagu ya fara mutuwa. Ina fitowa sai Mushe Alhasan, wani tsohon malami da muka yi aiki tare, ya faɗo mini a rai.

Ina sabon malami a wata lakwal, makarantar boko kusa da Tajaye, zamanin mulkin Kunce, darakta kan sa mu shiga ajin juna mu kalli darasi, a tattauna bayan an tashi. Ni ba na ƙaunar tsohon nan, ya sha gwale ni gaban mutane. Ran da na shiga ajinsa na zauna baya ina neman aibunsa, na kuwa samu.

Duk yaron da zai ba da amsa sai ya taso ya tsaya ta damarsa, ya ɗaga murya. Ashe mutumin ya kusa kurumcewa, yaran ke rufa masa asiri. In sufeto ya ji, an raba shi da alli ke nan.

Da aka tashi, Mushe Alhasan ya tare ni bakin ƙofa.

"Ƙanena, mi ka gani?"

"Na ga yaran da ba su tsoron magana gaban jama'a, Mushe."

"Sake faɗi, ta wanga kunne."

Na sake. Ya kama hannuna.

A taron haka na faɗa, kuma ba ƙarya na yi ba. Duk ajujuwa suka ɗauki dabarar, har sufeto ya zo ya tafi bai ga bambanci ba.

Ni a nan ba mai matsowa ta damata. Ku fa, wa ya taɓa rufa muku asiri a wurin aiki?