Orvel Tackett da Mai Sa Masa Tsirkiya

Orvel Tackett bai iya amsa gaisuwa ba. In ka ce masa ina kwana, sai ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa. Na yi shekaru ina buga ganga a bayansa a gidajen rawa na yammacin Texas, daga Abilene har Sweetwater, ban taɓa jin ya yabi kowa ba. Amma in ya zauna gaban jitarsa ta kwance, mai ƙafafu kamar tebur, ya ɗora ɗan ƙarfen nan a kan tsirkiya yana zame shi, ya taka feda, sai ka ga ƙattin ma'aikatan rijiyar mai sun yi tsit suna kallon ƙasa.

Ɗan manomin auduga ne, da rana kuma gyaran famfon rijiya yake yi, yatsunsa duk kanta. Jitar kuwa lallashi take so. Duk taka feda jan tsirkiya ne, shi ya sa ba sa daɗewa, musamman ta ukun, siririyar, wadda ke tsinkewa ba sallama. Tun farkon aurensu matarsa Nadine ta karɓe masa aikin canza su. Ɗinki take yi a kamfanin wanduna, hannunta ya saba da ƙananan abubuwa. Duk Asabar da hantsi sai ta share teburin kicin, ta cire tsirkiyar ɗaya bayan ɗaya, ta goge wurin da tsumma, ta ɗiga man keken ɗinki a gaɓoɓin ƙarfen, ta sa sababbi. Shi yana tsaye a kanta yana gyara mata.

Wata Asabar aka binne mahaifiyar Nadine. Sun dawo daga maƙabarta, ko takalmi ba ta cire ba, ya ce mata, "Da yamma muna da wasa a Merkel. Tsirkiyar nan ta mutu."

Ta dube shi. Ta share teburin, ta canza su duka. Da ya dawo bai same ta ba, bai sami 'yarsu Charlene ba, har keken ɗinkin ta ɗauke. Ta kama haya a ɗaya gefen garin. Fiye da shekara ashirin in suka haɗu a kanti, ɗaya ne yake ajiye kwandonsa ya fita.

Shi ya ci gaba da canza tsirkiyar da kansa, yana yi yana zagi, har ciwon gaɓɓai ya kama shi. Yatsun suka karkace. Ƙarfen dai yana iya riƙewa in ya naɗa masa tsumma, amma maƙala ƙullin tsirkiya a kan 'yar ƙusarta ya gagare shi. Na gwada taimakonsa sau ɗaya.

"Kai Delbert, ganga ka ɗauke ta?" in ji shi. "Cire wannan kofaton naka daga kanta!"

Na cire, na tafi gida. Charlene ce ta dinga roƙon uwarta ta zo ta sa masa tsirkiya, har ta gaji da jin roƙon ta yarda. Ni aka sa na ɗauko ta a mota, don ta ce ba za ta ƙona manta a kansa ba.

Ta shiga ba sallama. Ta dubi jitar, ba ta dube shi ba.

"Wa ya zuba mata wannan man?"

"Ni."

"Na mota ne, sakarai. Dubi yadda ya daskare da ƙura. Shi ya sa fedar ba ta dawowa."

"Ban kira ki wa'azi ba."

"Ba ka kira ni ba ma. 'Yarka ce ta kira ni, don ta gaji da kukanka a waya."

"Ni na yi kuka? Ni?"

"Delbert, kama can mu kifa ta."

Muka kifa jitar a kan bargo. Nadine ta sa tsohon buroshin haƙori ta bi sandunan ƙarƙashi ɗaya ɗaya, tana ɗaure duk ƙusar da ta yi sako-sako. Da muka tayar da ita, ta maƙala ƙullin sabuwar tsirkiya, ta tokare shi da guntun roba kada ya zame, ta ja ta zuwa kunnen ɗauri, ta yanke da filaya, ta fara murɗawa.

"Ta ukun a ƙara mata naɗi," in ji Orvel.

"Ni na koya maka wannan, tsohon banza."

"Kin tsufa, kin manta."

"Na manta abubuwa da yawa. Kai ne ka ƙi mantuwa."

Da ta gama ya zauna ya taka feda, sautin ya tashi tas kamar da. Ya sake takawa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ta biyar ta yi ƙasa."

"Kunnenka ne ya yi ƙasa," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Haka aka ci gaba, wata-wata. Ba ta taɓa shan kofinsa ba, ba ta taɓa zama a kujerarsa ba. Wani lokaci in yi zaton za su huce, sai ɗaya ya tono abin da zai ɓata ranar. Na tambaye ta a mota me ya sa take zuwa. Ta ce, "Jitar ba ta yi mini komai ba."

Hannun Orvel kuwa sai ƙara lalacewa yake. Ƙarfen ya fara kufce masa a tsakiyar waƙa. Mu 'yan ƙungiya muka yi kamar ba mu ji ba, don babu mai son bakinsa. Wata Lahadi da rana muka yi wasa a bikin coci, Nadine tana can baya wajen masu raba wake da gurasar masara. Sau biyu ƙarfen ya faɗi ƙasa. Wasu samari suka yi dariya.

Da ta zo canjin tsirkiya na gaba, ta cire rabi, sai ta ajiye filayar.

"Orvel, ka daina fita wasa. Dariya ake maka."

"Ke kika ɓata mini ita! Da gangan kike sassauta mini ƙusoshi don a yi mini dariya. Tun ranar da kika dawo nake lura."

Ta goge hannunta da tsumma. Sannan ta ce, "Da ɓata ta nake so, da guduma zan zo." Ta juyo gare ni. "Mai da ni gida."

"Ki ƙarasa abin da kika fara!"

"Ƙarasa da kanka, gwani."

Ya gwada kuwa. Da yamma maƙwabcinsa ya kira ni. Ya yi ta murɗa ta ukun har ta wuce ƙa'ida, ta tsinke ta zane shi a fuska, ta tsaga masa fatar ido. Na same shi zaune a ƙasa, tawul a fuska, jini har wuyan riga, yana zagin Nadine da danginta kaf. A asibiti aka yi masa ɗinki. Idon ya tsira, amma bai ƙara hawa dandali ba.

Charlene ta zo ta kwashe shi zuwa gidanta a Lubbock. An ce can ma ya kori masu jinya biyu, kuma ba ya yarda a kunna rediyo in yana ɗakin. Jitar tana garejina cikin akwatinta, rabi da tsirkiya rabi babu. Ya hana a sayar, ya hana a taɓa.

Nadine tana nan, ta daina ɗinki saboda ido. Kwanan baya na haɗu da ita a wajen sayar da magani, tana dogara sanda. Ta tambaye ni ko garejin nawa yana yoyo. Na ce kaɗan, ta kusurwa ɗaya.

"To ɗaga akwatin daga ƙasa, kai ma sakarai ne," ta ce. Ta wuce ta bar ni a layi.