Waƙa a Ƙarƙashin Rawani

A rumfar Sagiru mai tura waƙoƙi a waya, bakin kasuwar Rogo, wani dattijo na tsaye yana ta waige-waige. Ban san shi ba, amma tawadar da ta rine yatsunsa ta ce mini malamin allo ne. Ya cusa abin sauraro ƙarƙashin rawaninsa, a kunne ɗaya. Ɗaya kunnen yana gadi.

"Wannan mawaƙiya 'yar ƙasar Peru ce, Malam," in ji Sagiru ƙasa-ƙasa. "A ɗakinta take ɗauka, ita da sarewarta, babu kamfani."

Dattijon ya lumshe ido. Ko kalma ɗaya ba ya ganewa, amma babban yatsan ƙafarsa na motsi cikin takalmi. Ina zaton ya taɓa busa sarewar kara a gona, kafin karatu ya raba su.

Sai ga wani magidanci ya durƙusa gabansa, ya miƙo hannu biyu. "Allah gafarta Malam, ya ɗalibai?"

Dole Malam ya sunkuya. Igiyar abin sauraron ta miƙe, saura ƙiris ta fizge daga wayar da ke kan tebur, kasuwa duka ta ji abin da yake saurare. Gaisuwa kuwa ta ƙi ƙarewa: iyali, damina, gyaɗa, mutanen Falgore. Gumi na bin gemunsa. Sagiru ya ƙura wa igiyar ido, ni ma haka.

Da ƙyar mutumin ya tafi. Malam ya sake waiwayawa, sannan ya raɗa:

"Sagiru, mayar da ita farko. Bawan Allahn nan ya cinye mini wajen da take kuka."